Stowe ko Stourhead, wanne zaka je in Asabar ɗaya gare ka?

Wani ƙanina da ya zo Ingila digiri na biyu a fannin zanen gine-gine ne ya turo min saƙo satin da ya wuce, yace Yaya malaminmu yace lallai kowa ya je ya ga ɗaya daga cikin tsofaffin lambunan nan na masu kuɗin ƙarni na 18 kafin zango ya ƙare, an ce mu zaɓa tsakanin Stowe da Stourhead, ni kuma Asabar ɗaya gare ni don Lahadi ina aiki, kuɗin jirgin ƙasan ma sai an yi lissafi, wanne zan je? Na fara ba shi amsa a WhatsApp naga abin sai tsawo yake yi, shine nace bari kawai in zauna in rubuta shi da kyau ko wani ma ya amfana, tunda duk biyun na taka su da ƙafata, Stowe sau uku Stourhead sau biyu.

Kafin komai akwai tambayar da nasan zata zo ran duk ɗan Musulmi in ya ga taswirar wuraren nan cike da kalmar temple. Ba wurin bauta ba ne, ba a taɓa yin bauta a cikinsu ba. Ɗakunan shan iska ne, a zauna da baƙi a sha shayi, a fake in ruwa ya kece, babban aikinsu kuma shine ido ya hango su daga nesa ya sauka a kai. 'Ya'yan masu hali na lokacin sukan tafi Italiya su yi shekara ɗaya biyu suna kallon kufayen Rum, su dawo da zane-zane a akwati, sai mutum ya ga yana so filin gidan ubansa ya koma kamar zanen da ya rataye a falo. Amma fa akwai mutum-mutumi da yawa, wasu babu sutura, in da Hajiya ko yara zaka je ka san da wannan tun daga gida.

Stowe na Buckinghamshire, kamar mil uku daga garin Buckingham. Mai wurin a lokacin Richard Temple ne, wanda aka fi sani da Lord Cobham, tsohon soja, ya auri 'yar wani attajiri mai kamfanin giya a Landan, dukiya ta haɗu da dukiya. Abin da ya sa Stowe ta fita daban shine yawan hannun da suka taɓa ta, kuma duk manyan gwanaye ne na zamanin. Charles Bridgeman ne ya shata filin, shi ya kewaye shi da abin da suke kira ha-ha, wato gwalalo ne da katanga a cikinsa ƙasa da ido, shanu da tumaki ba za su tsallako ba amma kai in ka tsaya a ciki ba ka ganin shinge, sai ka ɗauka duk dajin nan lambu ne. John Vanbrugh ya yi Rotondo, wata zagayayyar rumfa mai ginshiƙai, wajajen 1720. James Gibbs ya yi nasa, William Kent ya yi nasa, sannan a 1741 wani saurayi Lancelot Brown ya zo ya zama shugaban masu kula da lambun har shekara goma, shine wanda daga baya duk ƙasar ta san shi da Capability Brown, a ƙaramin cocin da ke cikin Stowe ɗin ma aka ɗaura masa aure a 1744. Gine-gine da hasumiyoyin da suka rage yanzu sun haura 30 a fili mai eka wajen 250. Kaga ɗalibi a yini ɗaya zai ga yadda mutum uku huɗu suka bi da ginshiƙi da tulluwa da baka, kowa da hannunsa, ba sai ya yi ta yawo gari gari ba.

Amma abin da ya kama ni a Stowe siyasa ce. A 1733 Cobham ya ɓata da Robert Walpole, wanda ake lissafawa firaministan farko, a kan wani ƙudurin haraji na taba da giya, aka tuɓe shi daga shugabancin rundunarsa. Mutumin ya dawo gida da fushinsa ya zuba shi a dutse. Akwai wani ɗan kwari mai rafi a tsakiya da Kent ya tsara ana ce masa Elysian Fields, a nan ne zaka ga rigimar ƙuru-ƙuru. A kan tudu Temple of Ancient Virtue, zagayayye, ginshiƙai 16 sun kewaye shi da tulluwa a sama, an kwaikwayo shi daga wani tsohon gini a Tivoli kusa da Rum. A ciki mutum huɗu na Girka, Homer mawaƙi, Socrates malami, Lycurgus mai kafa doka, Epaminondas sarkin yaƙi, waɗanda zaka gani yau kwafi ne don na asalin an sayar a 1921. Dab da shi kuma Cobham ya sa aka gina Temple of Modern Virtue, da gangan aka gina shi a rushe, kango tun ranar farko, da wani mutum-mutumi marar kai da kowa ya ɗauka Walpole ake nufi. Wato nagartar mutanen da tana tsaye da ƙafarta, ta 'yan siyasar yau kuwa ga ta nan a zube. Habaici ne da dutse da farar ƙasa, yanzu ɗan tushensa kawai ya rage cikin ciyayi, in ba ka sani ba zaka wuce shi.

Ka tsallaka rafin sai Temple of British Worthies, na wajajen 1734 zuwa 1735. Shi ba ɗaki ba ne, katanga ce lanƙwasasshiya kamar jinjirin wata, da ɗan dala a tsakiya, da alkuki 16 kowanne da kan mutum ɗaya da rubutu a samansa. Takwas masu tunani irin su Isaac Newton da John Locke da Inigo Jones mai zanen gini, takwas masu aiki irin su Sarki Alfred da Sarauniya Elizabeth ta ɗaya, ita kaɗai ce mace a ciki. An aje su a ƙasa suna ɗaga kai suna kallon na Girka a kan tudu, kuma in ruwa ya kwanta zaka ga inuwarsu a ciki. Na daɗe a tsaye gaban Francis Drake, don mutumin nan da aka jera cikin gwarazan 'yanci ya shiga tafiye-tafiyen John Hawkins na kamo bayi a gaɓar Afirka ta Yamma a shekarun 1560. Kuma zuriyar gidan daga baya sun gaji gonar rake ta Hope a Jamaika da bayin cikinta ta hanyar aure. Wannan abu ya tsaya min a rai har na bar wurin, kuma ina ganin duk ɗan Afirka da zai je ya kamata ya tafi da saninsa, ya kalli kyan ginin da ido biyu.

Gothic Temple na Gibbs, 1741, shi ne ginin da na fi so a Stowe gaba ɗaya. Kusurwa uku gare shi, an gina shi da wani jan dutse mai ƙarfe-ƙarfe, launin kamar jar ƙasar da aka jiƙa, ga hasumiya a kusurwa ga ƙananan tsinaye kamar zankwaye a sama, yana tsaye shi kaɗai a kan tudu tumaki na kiwo a gindinsa. Bayan ka gama kallon fararen ginshiƙan Rum sai kawai ka ci karo da wannan, wallahi har gabanka sai ya ɗan faɗi. An sadaukar da shi ga 'yancin kakanni, wato Saksonawa, kuma a bakin ƙofa an sa wani baiti da Faransanci mai cewa na gode wa alloli da ban zamo Barume ba. Yanzu ƙungiyar Landmark Trust ke bada shi haya ana kwana a ciki, don haka galibi daga waje zaka kalle shi.

Matsalar Stowe ɗaya, in ba ka yi karatu kafin ka je ba zaka sha tafiya kawai. Filin da faɗi, daga wannan gini zuwa wancan akwai rata, wasu wuraren iska ce kawai da ciyawa, zuwana na farko ban san labarin Walpole ba na dawo da ciwon ƙafa da hotuna masu kama da juna. Sannan wurin ya sha wuya. Wani magajin gidan, Duke na biyu na Buckingham da Chandos, ya ci bashi har ya fi ƙarfinsa, ya karɓi Sarauniya Victoria a 1845 da facaka, a 1848 aka yi gwanjon kayan gidan na kwana 40. A 1923 gidan ya koma makarantar kwana, Stowe School, har yau ita ce a ciki, har ginshiƙai 16 aka cire daga Temple of Concord and Victory aka kai ɗakin ibadar makarantar, sai da National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, ta karɓi lambun a 1989 sannan aka sassaƙa wasu aka mayar. Wato wani abin da zaka gani gyara ne na kwanan nan, wanda ga ɗalibin gini wannan ma darasi ne in ya iya bambance sabon dutse da tsoho.

To Stourhead kuma wani abu ne daban. Tana Wiltshire, ƙauyen Stourton kusa da Mere. Masu ita a da 'yan banki ne, gidan Hoare, bankinsu tun 1672 yake kuma har yanzu yana nan a Fleet Street. Henry Hoare na ɗaya ya sayi filin a 1717, Colen Campbell ya zana masa gidan. Ɗansa Henry na biyu ne ya yi lambun, ya dawo daga Italiya a 1741, matarsa ta rasu a 1743, daga nan ya duƙufa a kan kwarin da ke bayan gida kusan shekara 40. Mai zanen gininsa kusan mutum ɗaya ne, Henry Flitcroft, wanda asalinsa kafinta ne, ya faɗo daga kan sikafo a gidan Lord Burlington ya karye a ƙafa, yana jinya aka ga iya zanensa aka ɗauke shi. Ido ɗaya, hannu ɗaya, tafki ɗaya. Ya datse maɓuɓɓugan kogin Stour wajajen 1754 kwarin ya cika da ruwa, ya jera gine-ginen a gefe yadda kowanne ke kallon ɗan'uwansa ta kan ruwa.

Gine-ginen ba su da yawa, da yatsun hannu zaka ƙirga manyan. Temple of Flora na 1744 zuwa 1746, ƙarami mai ginshiƙai huɗu, a saman ƙofarsa an rubuta wani layi na Virgil, mawaƙin Rum, da Latin mai cewa ku nisanta ku da ba ku da tsarki. Kogon dutse na 1748. Pantheon na 1753 zuwa 1754. Gada ta 1762. Temple of Apollo na 1765. Shikenan kusan. Amma yadda aka aje su ne abin. Kana tafiya kana zagaya tafkin ta hannun dama, Pantheon zai bayyana can tsallake da ginshiƙansa shida da tulluwarsa, ka yi taku ashirin bishiya ta rufe shi, ka manta da shi, sai ka sha kwana ya sake fitowa ta wata fuskar ya fi kusa. Ba sa'a ba ce, mutum ne ya zauna ya lissafa inda idonka zai faɗa.

Kogon ne ba zan manta ba. Hanya ce ke gangarawa da kai cikin duhu, sanyi ya buge ka, ƙasan an shimfiɗe shi da ƙananan tsakuwa a jere zagaye zagaye sai ka ji su a tafin takalmi, bangon wani dutse ne mai ramuka kamar gidan gara, haske na saukowa ta wata kafa a tsakiyar tulluwa. Ƙarar ruwa ko'ina. A gefe ɗaya wata mace ta dalma da aka shafa wa farin fenti tana kwance tana barci ruwa na zuba ƙarƙashinta cikin wani kwarmi, wanda wurin wankan ruwan sanyi ne a da. A ɗaya gefen an huda dutsen daidai fuskar tafki, in ka ɗan durƙusa zaka hango gada da coci can nesa kamar an sa su a firam, agwagwa na wucewa daidai idonka. Na zauna a nan ya fi minti ashirin ban ɗauki hoto ko ɗaya ba. Stowe ma na da kogonta amma ba ta kama ƙafar wannan ba.

In kana son kwatance na kai tsaye don aikin makaranta, akwai abu uku da wuraren biyu suka yi tarayya, kuma a nan halin kowanne ke fita. Gada. Ta Stowe, wajajen 1738, gada ce mai rufi da ginshiƙai a jere kamar an ɗora baranda a kan ruwa, kwafin ta gidan Wilton ce sai dai an sassauta hawanta don keken doki ya wuce, ita kanta gini ce da za a tsaya a zana. Ta Stourhead baka biyar ce ta dutse, ba ado, an bar ciyawa ta tsiro a kanta, kuma an lanƙwasa ruwan a wurin yadda zaka ɗauka kogi ne ya taho daga ƙauye ya bi ta ƙarƙashinta alhali ƙarshen tafki ne. Waccan tana cewa kalle ni, wannan tana nuna maka wani wuri.

Sai zagayayyen gini. Ancient Virtue na Kent natsattse ne, komai a ma'auni. Apollo na Flitcroft kuma an ɗauko shi daga zanen wani gini a Baalbek ta Labanan da aka buga a Landan a 1757, ginshiƙai 12, kuma rawanin da ke kansu maimakon ya zagaya sumul sai yake lotsawa ciki tsakanin kowane ginshiƙi biyu, kamar bakin faifan da aka ciccije, inuwa na wasa a jikinsa duk yini. An ɗora shi a kan tudu mai tsayi, hawan da ɗan wahala, amma daga can zaka ga duk tafkin a tafin hannunka. Na uku mai kusurwa uku. Stowe na da Gothic Temple, Stourhead na da King Alfred's Tower, hasumiyar jan bulo da aka gama a 1772, tsayinta ƙafa 160, matakala 205, a kusa da inda ake cewa Sarki Alfred ya tara mayaƙansa a shekarar 878. Wani jirgin saman Amurka ya taɓa dukan ƙololuwarta a 1944. Sai dai tana da nisa daga tafkin, sai da mota ko doguwar tafiya cikin daji, kuma ba kullum ake buɗe ta ba, in jirgin ƙasa ka biyo kar ka sa ta a lissafi.

Akwai kuma Bristol Cross a bakin shiga Stourhead, shi ba kwaikwayo ba ne, tsohon gini ne na gaske na 1373 da ya tsaya a tsakiyar birnin Bristol, mutanen gari suka ga ya tare musu hanya aka kwance shi, Hoare ya kwaso duwatsun ya sake tada shi a nan a shekarun 1760. Wurin bai sha gwanjo irin na Stowe ba, yana hannun iyalin har 1946 da Sir Henry Hoare ya miƙa wa National Trust, ɗansa tilo ya rasu a yaƙin duniya na ɗaya a 1917, shi da matarsa kuma suka rasu rana ɗaya a 1947. Wannan ya sa komai ke zaune a inda aka aje shi, duk da cewa jikan mai lambun, Richard Colt Hoare, ya cire wasu ƙananan abubuwa irin tantin Turkawa da bai yi masa ba.

Yanzu maganar zuwa, don a nan ne lissafin ɗalibi yake. Stowe ta fi sauƙi nesa ba kusa ba in ba ka da mota. Jirgi daga tashar Euston a Landan ko daga Birmingham da Coventry zuwa Milton Keynes, bas zuwa Buckingham, daga nan ko tasi ko ka taka doguwar hanyar nan miƙaƙƙiya mai bishiyoyi da ta nufi Corinthian Arch na 1765, wadda ita ce ma hanyar da aka tsara baƙo ya bi. Ana shiga ta New Inn, masaukin da Cobham ya gina a 1717 don masu zuwa kallo. Babban gidan tikitinsa daban saboda wata ƙungiya ce ke kula da shi kuma makaranta na ciki. Stourhead kuwa daga tashar Waterloo a Landan zaka hau zuwa Gillingham, awa biyu ko kusa, sannan tasi na mil shida zuwa bakwai, kuma dan Allah ka duba tikitinka da kyau, Gillingham ta Dorset ake nufi, akwai wata a Kent can gabas, mutane na yin wannan kuskuren. Ka shirya tasin dawowa tun kafin ka sauka don ƙauye ne sosai. In da mota ne kuma tana dab da titin A303, Stonehenge na kan hanya in daga Landan ka taso. Duk biyun National Trust ne, in kana da katinsu ba ka biyan kuɗin shiga lambu. Ka yi guzurin abincinka, ka tafi da 'yar dardumarka, ni dai a ƙarƙashin bishiya na yi azahar a duk biyun ba wanda ya ko kalle ni.

Lokaci ma na da tasiri. Stourhead ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba ganye ya koma ja da ruwan ɗorawa ya kwanta a kan ruwa, ko watan Mayu lokacin furanni, amma a ranakun nan jama'a kamar kasuwa, kuma hanya ɗaya ce kowa ke bi, sai ka yi sammako. Zagayen tafkin awa biyu ya isa ko da tsaye-tsaye. Stowe saboda faɗinta ko an cika ba ka ji, kuma hunturu ma na yi mata kyau don ganye ya zube gine-ginen sun fito fili, amma ka ba ta awa huɗu zuwa biyar da takalmin da ba ya jin laka, ka tuna a Nuwamba kafin biyar duhu ya yi.

Abin da na ce wa ƙanin nawa, ka tafi Stowe. Kana tsakiyar ƙasar, ba ka da mota, kuma aikin da aka ba ka na gini ne, a can zaka samu Vanbrugh da Gibbs da Kent a fili ɗaya, zaka samu salon Rum da na Gothic da ɗan gidan katako mai zanen Sin na wajajen 1738 duk a yini guda, ga labarin da zai cika maka shafi goma. Amma da sharaɗin daren Juma'a ka zauna ka karanta rigimar Cobham da Walpole, in ba haka ba asarar kuɗin jirgi zaka yi. Wanda yake Bristol ko Bath ko Southampton, ko mai mota, ko wanda zai fita da iyali yana so su ga abin da zai zauna musu a rai ba sai an yi musu bayani ba, Stourhead zai nufa, ni kaina in aka ce sau ɗaya ya rage min can zan koma in sake zama a kogon nan. Shi kuma nace in ya shiga Stowe kar ya tsaya ɓata lokaci a bakin tafkin farko, ya miƙe Elysian Fields tun da safe kafin rana ta juya, ya zauna a matakalar Ancient Virtue da littafin zanensa ya fuskanci Worthies a tsallaken ruwa, ya zana abin da ya gani daga nan, sannan ya sauka ya tsallaka ya zana ta ɗaya ɓangaren.